Mutumina, na ɓata fitilun motata EOD

Salam mutumina,

Ya sanyin can, ya karatu? Wata uku shiru kamar an aiki bawa garinsu, ko flashin babu. To tunda ka ƙi, ni bari in fara, dama wata tambaya nake da ita akan tsohuwar Golf ɗinka, amma tsaya ka ji abinda na aikata tukuna.

Ka san tunda na sayi Honda Accord ɗin nan da ake ce wa EOD jan fitilun bayan ke damuna, mota baƙa wuluk sai wasu jajayen idanu kamar ta kwana tana kuka. Ran Asabar madam ta tafi biki, na ce yau ne. Na sayo fentin feshi na gwangwani, baƙin nan da haske ke ratsawa, VHT Nite-Shades, da gwangwanin kiliya ɗaya (fentin ƙyalli mara launi da ake fesawa a sama), sanfefa lamba 800 da 2000, sai salatif na takarda. Na buɗe but na kwance fitilun, na wanke da omo, na bi su da sanfefa da ruwa har suka daina ƙyalli, na rufe wajen wutar ribas da salatif. Har nan kamar wani tsohon fenta.

Ƙa'idar abin ka ja baya kamar taƙi ɗaya da ɗoriya, ka fesa shara-shara, ka jira minti goma, sau biyu ko uku ka tsaya. Ni kuwa da na yi na farko sai naga kamar ban yi komai ba, na matso kusa na danna, na ƙara, na ƙara, wallahi sai da na yi shida, fenti har yana zubar da hawaye ta gefe. Kuma a tsakar gida nake, ga iskar hunturu, kafin ya bushe ƙura ta bi ta manne kamar an barbaɗe tsire da ƙuli. Kar ka min dariya malam, kai da ka yi wa Jincheng fenti da burushin gini har yau ba mu manta ba.

Da daddare fa ta yi kyau, ƙarya haram, yaran layi har hoto suka ɗauka. Litinin da rana ina cikin goslo a Zoo Road sai ji na yi dum, ɗan adaidaita ya daki bamba. Na fito da faɗa, ya ce oga wutar birkinka ba ta kawo ba. Na sa wani yaro ya taka birki na zagaya baya na duba, sai wani ja can ciki kamar garwashin da toka ta rufe. Bakina ya mutu, ni na ƙare da ba shi haƙuri. Sai da na koma gida na karanta jikin gwangwanin, ashe su da kansu sun rubuta ba don motar hawa titi suka yi shi ba.

Af, Dogo ya kai kuɗin gaisuwa, ita dai waccan ɗin da ya rantse ya rabu da ita. Bayan Sallah za a ɗaura, wai kai ne babban aboki, ka fara tanadin anko. Majalisa kuma ta koma ƙofar mai shayi tunda aka sare darbejiyar.

Abinda ke hana ni barci, ƙarshen wata zan kai su Hajiya Zariya, kuma ka san ba ta tashi da wuri, dole dare ya yi mana a dawowa, ga hazo ga tireloli. Har ɗan madubin cikin fitilar da ke mayar da hasken motar baya na binne, in na tsaya gefen titi na kashe mota ba mai ganina. Jiya na ce bari in goge da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ashe tina cin roba take, ta hagun ta yi fari ta tsattsage kamar ƙasan kududdufi da rani. Ta daman na koma mata da sanfefa da ruwa, awa biyu ina gurza yatsuna duk sun saɓule, ta ɗan dawo amma ba kamar da ba.

Gobe zan shiga kasuwar Ƙofar Ruwa neman fitila 'yar Beljiyam, ko biyun ma in aljihu ya yarda. Madam tunda ta gani take kirana injiniya, ko abinci za ta ajiye sai ta ce injiniya ga tuwo. Dan Allah in kun yi waya da Yaya kar ka faɗa masa, na ce masa ɗan adaidaitan ne ya fasa.

Naka,
injiniya