Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da allunan zamiya na keken guragu

Zuwa ga Manajan Kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Na rubuto ne a kan allunan zamiya guda biyu da na saya a wurinku farkon hunturun bana, irin waɗanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin ƙananan tayoyin gaba na keken guragu don kada su nutse a dusar ƙanƙara. Maɗaurin ɗaya ya tsage. Kun ƙi ba ni wani a kan lokaci, kun kuma ƙi mayar mini da kuɗina. Na bi ku ta waya da imel har na gaji, shi ya sa na fito fili, kuma na sa maganar da Hausa saboda 'yan uwanmu da ke nan Kanada, musamman sababbin zuwa masu yaro ko dattijo a kan keke, kada su faɗa ramin da na faɗa.

Ni shan inna ce ta kama ni tun ina yaro a Kano, a kan keke na yi karatu, a kansa nake zuwa aiki a Ottawa. Duk wanda ya taɓa tura keke a wannan gari tsakanin Disamba da Maris ya san ba manyan tayoyin baya ne matsala ba. Na gaban nan ne, 'yan ƙanana. Da zarar sun tarar da dusa mai laushi sai su kafe, keken ya tsaya cak, mutum kuwa jikinsa bai san an tsaya ba, sai ya tafi gaba. Saboda haka da yawa daga cikinmu zaman ɗaki suke yi har bazara, daga gida sai mota, daga mota sai ofis. Da na ga tallarku, da hoton wata mata a kan keke tana dariya a tsakiyar ƙanƙara, an rubuta cewa kayan an yi su ne domin hunturun Kanada, ban yi dogon ciniki ba.

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba. Ina so in raka 'ya'yana mashigin ruwan Rideau, wanda idan ya daskare ake buɗe kilomita 7.8 nasa jama'a su yi zamiya, in bi gefe a hankali ina kallonsu, mu sha shayi mai zafi mu koma gida kamar kowane iyali.

Ranar da abin ya faru muna kan hanyar shiga ne, wurin da dusa ta taru mutane suka tattake ta. Sai na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Allon hagu ya kwance ya tsaya a baya, tayar ta lume, keken ya juya ya kifar da ni a kan kafaɗa. Babbar 'yata ce ta fara isowa, tana ta "Baba, Baba, sannu," tana ƙoƙarin ɗaga ni ita kaɗai. Wasu bayin Allah biyu suka tayar da keken suka mayar da ni. Yarinyar ta tsinto maɗaurin ta miƙo mini: robar ta rabu gida biyu daidai inda ƙusa ta ratsa ta, bakin tsagar fari fat, babu alamar lanƙwasa ko kaɗan. Ba nauyi ya yi mata yawa ba, sanyi ne ya busar da ita.

Da na aiko muku da hoto da rasit, ma'aikaciyarku ta amsa cikin ladabi, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba. Amma ga abin da ta ce: a can ƙarshen ɗan littafin da ke cikin kwali akwai layi da ya ce garanti ba ya aiki idan an yi amfani da kayan a sanyin da ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, ko a inda aka zuba gishiri.

To, ranka ya daɗe, a nan nake so ka tsaya ka yi mini bayani. Hukumar da ke kula da Rideau ba ta buɗe shi sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 30, hakan kuwa ba ya samuwa sai an jera kwana 10 zuwa 14 ana sanyin digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili. Wato sanyin da ke buɗe wurin shi ne sanyin da ke kashe garantinku. Gishiri kuma, wane titi ne ko gefen titi a Ottawa da ba a watsa masa shi da hunturu? Ta sama zan bi in isa bakin ruwan? Kun sayar mini da lema ke nan, sannan kuka ce kada in kuskura ruwan sama ya taɓa ta. Kuma wannan sharaɗi ba ya cikin talla, ba ya jikin kwali, ba ya shafin da na biya kuɗi. Sai mutum ya saya ya buɗe, ya karanta har bango, kafin ya gan shi.

Cewa wasu robobi suna yin gautsi idan sanyi ya tsananta ba sabon ilimi ba ne, kowane injiniya ya sani. Akwai robar da ke jure shi, akwai ƙarfen da ba ya tsatsa. Tun 1976 aka fara gasar nakasassu ta wasannin hunturu a Suwidin, tun 1994 ake buga hoki, wasan da ake yi da sanda a kan ƙanƙara, a zaune a kan abin zamiya a wannan gasa, mutane na karo da juna da ƙarfin tsiya kayansu na riƙe da su. Ni da ba gasa na je ba, tafiyar hawainiya kawai nake yi, maɗaurinku ya kasa. Har ma hannun da ake matse shi da shi ƙarami ne ainun, ba ya kamuwa da safar hannu mai kauri. Dole sai na cire safa na taɓa shi da yatsu tsirara a cikin wannan sanyi. Ina tantama ko an taɓa ba wani mai keke ya gwada shi a waje cikin Janairu kafin a kai shi kasuwa.

Daga baya kuka ce, don alfarma, za ku sayar mini da sabon maɗauri, ya iso cikin mako 6 zuwa 8. Lokacin zamiya a Rideau daga Janairu ne zuwa ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, idan an yi sa'a. A hunturun 2023 ma ko kwana ɗaya ba a buɗe ba saboda sanyin bai kai ba. Mako 8 ai shekarar ce gaba ɗaya ta tafi. A Kano, masu shan inna da kansu suke ƙera kekunansu masu taya uku, idan wani abu ya karye mai walda zai haɗa maka shi kafin la'asar. Nan kuwa ba wanda zai iya yi wa roba walda, kayan gyaran kuma a hannunku kaɗai suke.

Ban da haka, faɗuwar ta lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, boris ɗinta ya fara kuka. Shirin gwamnatin Ontariyo na tallafa wa masu buƙata ta musamman yana biyan kashi 75 cikin 100 na kuɗin keke, amma ba ya biyan gyara. Daga aljihuna na biya makaniki.

Abin da nake nema shi ne ku karɓi allunanku ku mayar mini da kuɗina cif, ku kuma biya kuɗin gyaran keken, rasit yana nan. Sannan ku sanar da duk wanda ya sayi irin wannan maɗauri cewa yana iya tsagewa cikin tsananin sanyi, domin wanda zai faɗi gobe wataƙila tsohuwa ce mai raunin ƙashi, ko yaron da ba zai iya kare kansa da hannu ba. Sharaɗin digiri 10 kuma ku ɗaga shi daga bayan littafi ku rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin kwali da cikin talla, kowa ya gani kafin ya biya.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta Ontariyo ta hana tallar da ke yaudarar mai saye game da amfanin kaya. Na ba ku kwana 14 daga yau. In ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙorafi ma'aikatar da abin ya shafa, daga nan sai kotun ƙananan ƙararraki. Ɓallin maɗaurin biyu suna hannuna a ajiye, tare da hoton tallar kamar yadda take ranar da na saya.

Na gode.

Naku,
Wani mai keken guragu, mazaunin Ottawa