Yayana ya ce na ci la'ada a kan motar gado

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da kai da abokan aikinka. Raina a ɓace nake rubuto maka, domin shekaranjiya a gaban Hajiyarmu Yaya ya kira ni maci amana, har ƙannenmu mata suna ji. Kuma duk a kan mota.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin kamfanin Peugeot ne a Kakuri, nan Kaduna. Ya shiga ba a daɗe da fara harhaɗa motoci a 1975 ba, kuma da albashin haɗa 504 ya yi mana makaranta, har da shi Yayan da yake zagina yau. Har ya rasu yana takaicin yadda Steyr ta Bauchi da Fiat ta Kano suka durƙushe, yana cewa mu muka kashe su da son gwanjon Turai. Kullum maganarsa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na faɗi wannan ne don ka san ba daga sama na ɗauko ra'ayina ba.

Da aka sayar da filin gado, aka yi shawara a sayi bas ta haya, Kaduna zuwa Kano, abin da direba ya kawo a riƙa yi wa Hajiya cefane da magani. Yaya ya kafe a kan Hiace 'yar Kwatano, wai akwai abokinsa dillali. Ni na ce a sayi sabuwa wadda aka haɗa a ƙasar nan, ba zan ambaci kamfanin ba. Malam, ka duba min. A 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wadda ta biyo ta daji kuwa ko yaushe kwastam na iya tare ta a hanya su ce takardu. Tun da Naira ta faɗi a 2023, tsohuwar mota da wani ya gama morewa a Turai ma kuɗinta ya wuce hankali. Ga sabuwa da ledarta, ga garanti, ga 'ya'yan mutane da za su ci abinci a kanta kamar yadda muka ci. Ina laifina?

Na manta ban faɗa ba, shi wannan abokin nasa ya taɓa sayar wa surukinmu mota, injin bai yi wata biyu ba ya buga. Yaya ya sani. Amma da yake shi babba ne, ko me ya faɗa sai a ce to.

A ƙarshe dai sabuwar aka saya. Motar ta yi aiki lafiya, balas yana shigowa, ba wanda ya ce min sannu. Sai wani ƙarfe ya lalace a cikin giya. Bakanikenmu ya zaga Panteka bai samu ba, aka aika Ƙofar Ruwa a Kano, nan ma babu. Ya ce da Toyota ce da ko a Kwanar Dangora ta tsaya zai samo kayanta, kuma wannan maganar Yaya ya riƙe yake yawo da ita gida gida. Kamfanin sun ce kayan na hanya. Yanzu tana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, awaki na kwana a ƙarƙashinta, direban ma ya koma wata motar. Ai ko Toyota ba da kayanta aka haife ta a Panteka ba, sai da mutane suka saya 'yan kasuwa suka fara kawowa. In kowa ya ce sai wani ya fara, yaushe tamu za ta tsaya da ƙafarta?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ya gaya wa Hajiya wai la'ada aka ba ni shi ya sa na nace. Wallahi ko kuɗin man da na sha zuwa ɗauko ta daga aljihuna ya fita. Hajiya ba ta ce komai ba, amma jiya da na gaishe ta, a taƙaice ta amsa, ba ta ko tambayi yara ba. Maganinta na hawan jini ni nake saya tun da motar ta tsaya, shi bai taɓa kawo ko ƙwaya ɗaya ba.

Yanzu yana so a sayar da ita a yadda take, kuma na san hannun wa za ta faɗa. Matata ta ce in sa hannu in huta. To in na sa, ba na amsa cewa na ci ba ke nan? Ga bikin autarmu wata mai zuwa, shi ne waliyyi, dole mu zauna a tabarma ɗaya. Malam, in kai ƙararsa wurin Kawu ya janye kalmar nan a gaban Hajiya tun kafin bikin, ko in bari sai an watse? Don Allah kada a faɗi sunana.

Naka, mai saurare daga Kaduna.