Ƙaramar mota tana iya kaucewa, amma ba ta iya ramawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da ma'aikatanka.

Na bi muhawarar da aka yi a shafinku na motoci, inda wani ya ce duk mai son ransa ya sayi babbar mota, wani kuma ya mayar masa da cewa ƙaramar mota ta fi tsaro, domin tana jin sitiyari, kafin haɗari ya iso ta riga ta goce. Zuciyata tana wajen na biyun, don shekara goma sha huɗu ke nan ƙaramar mota nake ja, kuma ba ni da niyyar sauyawa. Sai dai akwai inda maganarsa ta ba ni tsoro, domin ni ma na taɓa yarda da ita ɗari bisa ɗari, har ta kusa kai ni lahira.

Gaskiyarsa ce, mota marar nauyi wadda ta kwanta kusa da ƙasa daɗin tuƙi gare ta. Ka ɗan murza sitiyari ta amsa nan take, ka shiga kwana ba ta rinjaya, ka taka birki ta tsaya ba tare da ta yi ta dungure da kai ba. Direba yana jin kwalta a tafin hannunsa, ya san lokacin da taya ta kama da lokacin da ta fara santsi. Wanda bai taɓa jan irin wannan mota a hanya mai lanƙwasa ba, ba zai gane abin da ya sa muke ƙin rabuwa da su ba, ko da iyali sun yi yawa ana ta yi mana gorin matsi. Dalilin kuwa ba sihiri ba ne. Nauyinta kaɗan ne, kuma yana ƙasa-ƙasa, don haka tayoyi ba sa shan wahala wajen sauya mata alƙibla. A-kori-kura mai tsayi kuwa nauyinta yana sama. In ta shiga kwana da gudu sai jikinta ya kwanta gefe guda, in kuma bodinta babu kaya, bayanta yakan yi sakayau, ya nemi zamewa a jiƙaƙƙiyar kwalta. Ƙara da tayoyin nan masu manyan haƙora da wasu ke sawa don ado, waɗanda aka yi domin taɓo da yashi, riƙonsu a kan kwalta bai kai na taya ta gari ba.

To, ga abin da ya faru da ni. Wani dare ne, ruwa ya ɗauke ke nan, ina kan babbar hanya mai hannu biyu tare da ƙanwata. Na fita hannun masu sauri ina wuce wata doguwar tirela, gudun da nake yi yana wajen kilomita 100. Ban ankara ba sai madubina ya cika da haske fal, kamar an kunna mini rana a ƙeya. Wata ƙatuwar a-kori-kura ce, irin wadda aka ƙara wa tsayi, fitilunta daidai saitin gilashina na baya. Ban ga direba ba, ban ga gilashin gabansa ba, ƙarfen gaban motar kawai nake gani, ya cika madubin daga gefe zuwa gefe. Yana ta walƙa fitila, yana danna hon ba ƙaƙƙautawa. Tirela tana gefena, ɗaya gefen kuma ginin tsakiyar hanya ne. Ina zan shiga?

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ƙara wuta ka wuce ka ba shi hanya mana."

Da na ji maganarta, da ba ni da labarin da zan ba ka yau. Amma zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina, wannan don ya ga motata ƙarama ce yake raina ni, bari in nuna masa. Sai na ɗan taɓa birki, don jar fitila ta haska masa ido. Na ji ƙarar tayoyinsa a bayana, na kuma ji wani sanyi a raina, Allah Ya yafe mini. Ina gama wuce tirelar na koma hannuna, shi kuwa ya taso ya jera da ni, ƙofarsa ta tsere wa rufin motata, sannan ya sha gabana ya taka birki da ƙarfi. Ban san lokacin da na murza sitiyari ba. Motar ta goce zuwa kafaɗar hanya, ta ɗan yi rawa a kan tsakuwa, ta dawo ta miƙe. Shi ya ba ta wuta ya ɓace. Tirelar da na wuce ta zo ta shige mu da wani dogon hon da har yau nake jinsa. Na samu wuri na tsaya, na kasa zare hannuna daga sitiyari saboda rawa. Mun fi minti biyar ba wanda ya ce uffan, sannan ƙanwata ta ce a hankali, "Yaya, da motar ba ta ji ba fa?"

Kwana biyu ina ba abokai labarin a matsayin yabon motata, wai dubi yadda ta kauce. Sai daga baya na zauna na yi lissafi. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Tsakanina da mutumin nan bai wuce tsawon mota guda ba, a ce mita huɗu ko biyar. Ɗan Adam kuwa yana buƙatar kusan daƙiƙa ɗaya, sau da yawa ma fiye, kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta kai ga birki. Ke nan lokacin da na taɓa birkin nan, rayuwata da ta ƙanwata na miƙa wa mutumin da ban sani ba, wanda na riga na ga alamar ba shi da haƙuri. Sauƙin sarrafawar da nake taƙama da shi bai da amfani ko kaɗan a kan abin da ke tahowa daga baya. Shi ne ma ya ba ni ƙarfin gwiwar yin wautar, don na saba motar tana fitar da ni daga duk inda na sa kaina.

In kuwa aka haɗu, lissafin ba ya tausayi. A ɗauki mota mai kilo 1,200 da a-kori-kura mai kilo 2,400, kowacce tana gudun kilomita 60, suka yi taho-mu-gama. Babbar ba za ta tsaya ba, za ta ci gaba da tafiya da gudun kusan kilomita 20, tana tura ƙaramar baya. Wato gudun babbar ya sauya da 40, na ƙaramar ya sauya da 80, kuma wannan sauyin na farat ɗaya shi jikin mutum ke sha. Wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Michael Anderson da Maximilian Auffhammer, sun bi bayanan haɗurra a Amurka, suka wallafa a 2014 cewa in motar da ta buge ka ta ƙara nauyin fam 1,000, wato kimanin kilo 450, yiwuwar a rasa rai a motarka tana ƙaruwa da kashi 47 cikin ɗari. Bayan nauyi ga tsayi: in ƙarfen gaban babbar ya tsallake bamba da ƙashin ƙaramar, sai bugun ya sauka a ƙofa ko gilashi, inda babu abin da zai shanye shi sai mutum.

Nan ne nake ganin mai cewa a sayi babba shi ma ya faɗi rabin gaskiya ya haɗiye rabi. E, wanda ke cikin babbar ya fi samun kariya, amma daga jikin wani aka yanko masa ita. In kowa ya bi shawararsa, gobe babbar yau ta zama ƙarama, sai a sake neman wadda ta fi ta. A Amurka an yi nisa a wannan tsere. Tun 1977 jerin Ford F-Series ke kan gaba a cinikin a-kori-kura a can, kuma wadda ake sayarwa yau ta fi ta wancan zamani tsayi da faɗin goshi. Akwai ma Hummer mai lantarki ta kamfanin GMC da ta haura tan huɗu, batirinta kaɗai ya kai nauyin wata ƙaramar mota sukutum. Wanda ba ya cikin kowace mota fa, shi me zai saya? A 2023 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta binciki haɗurra kusan 18,000 da aka buge masu tafiya a ƙasa. Ta gano cewa motar da bonet ɗinta ya haura inci 40, wato mita ɗaya da 'yan kai, ta fi yiwuwar kashe wanda ta buge da kusan kashi 45 cikin ɗari, in aka kwatanta da wadda gabanta bai wuce inci 30 ba kuma ya gangara. Gajeriyar mota ƙafa take ɗauka ta jefa mutum kan bonet. Mai dogon goshi ƙirji da kai take samu, ta kayar da shi gabanta.

Kada a ce na ɗora wa girma laifi duka. Tsayi ko a jikin ƙaramar mota matsala ne. A 1997 'yan jaridar wata mujallar motoci a Suwidin suka yi wa sabuwar Mercedes A-Class gwajin da suka saba, na kauce wa abin da ya faɗo hanya ba zato a kuma dawo hannu, sai motar ta kife. Ƙarama ce, amma doguwa. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya gyara ƙafafunta, ya sa mata na'urar ESP, wadda ke kama birkin taya ɗaya-ɗaya in ta ji mota na neman zamewa. Yau wannan na'ura dole ce a sababbin motoci a Amurka tun ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma tun 2014, kuma manyan motoci masu tsayi sun ci moriyarta ƙwarai, don ta rage musu wuntsilawa. Amma ba ta rage kilo ko ɗaya daga nauyin mota ba, ba ta kuma san komai game da zuciyar direba ba.

Ba kuma duk mai a-kori-kura nake nufi ba. Manomi da magini da mai jan kaya ba su da abin da zai maye musu gurbinta, kuma a lurata su ne suka fi tafiya a hankali, don sun san abin da ke bayansu. Wanda nake magana a kai shi ne mai bodi wayam, ko ƙwarzane babu, wanda ya gano cewa in ya matso bayan mutane suna darewa. Zama a sama yana sa mutum ya ga kamar ba gudu yake ba, gida mai laushi da rufaffen gilashi suna ɓoye masa ƙarar hanya, mu na ƙasa kuma mun koma masa rufin mota kawai, babu fuska. Mai mugun hali ko a kan keke zai nuna shi, na yarda. Bambancin shi ne, in ya yi kuskure a kan keke, shi zai ji jiki. Mu masu ƙananan motoci ma muna da namu 'yan ganganci, masu saƙa tsakanin motoci kamar allura, su kutsa gaban babbar mota su cinye mata tazarar da ta bari don birki, sannan su yi mamaki in ta hau su. Ni kaina na yi, ba sau ɗaya ba.

Tun daga daren nan na sauya. In na hango irinsu a madubi, ba na jira su iso. In akwai wuri na sa sigina na koma gefe, in babu na riƙe gudun da nake kai, na ƙara tazara tsakanina da na gabana, don in wani abu ya faru in tsaya a hankali, kada na bayana ya same ni. Ba na taɓa birki don koya wa kowa hankali, ba na kallon fuskarsa in ya jera da ni, ba na ɗaga hannu. Madubin tsakiya na karkatar da shi zuwa na dare in huta da hasken. Faɗan da ya fi ƙarfinka, an ce ka mai da shi wasa. Ba zan ɓoye maka ba, har yau abin yana ci mini rai, musamman in na ga ya wuce ni da kyar ya je ya tsaya a danja ta gaba, na zo na same shi. Amma ƙwarewar motata yanzu na ajiye ta ne don yaron da zai faɗo hanya ko ramin da ban gani ba.

Sai dai haƙurin na ƙasa ba zai zama shi kaɗai ne magani ba. A watan Fabrairun 2024 mazauna birnin Paris sun kaɗa ƙuri'a aka ninka kuɗin fakin sau uku ga manyan motoci masu nauyi da ke shigowa daga wajen birnin. Ana iya gardama a kan ko hakan ya dace, amma aƙalla sun yarda cewa nauyin motar mutum ba shi kaɗai ya shafa ba. Ni abin da ya fi damuna shi ne lasisi: wanda ya koyi tuƙi da mota mai tan ɗaya, a ƙasashe da yawa takardar nan ta ishe shi ya hau mai tan uku washegari, ba wanda zai tambaye shi ko ya san inda idonsa ba ya kaiwa. Haka kuma bin mota a gindi laifi ne da ba kasafai ake kama mutum a kansa ba, alhali kowa yana ganinsa kullum.

Ina da roƙo guda, Malam Edita. Duk lokacin da za ku gwada sabuwar mota a shafinku, kuna gaya mana ƙarfin injinta da yawan man da take sha da laushin kujerunta. Ku ƙara mana abu biyu: nauyinta, da tsayin bonet ɗinta daga ƙasa. In da hali, wakilinku ya zauna a kujerar direba, a ajiye wani abu mai tsayin yaro ɗan shekara biyar a gaban bamba, a riƙa ja da shi baya har sai ya fara hango shi, sannan a auna tazarar da tef a buga mana adadin.

Na gode da ba ni fili. Allah Ya kiyaye hanya.

Naka,
Mai karatu, direban ƙaramar mota