A Tuna da Iyayen Marayu Masu Karatun Jinya

Edita, assalamu alaikum.

Shekaruna 39, 'ya'yana uku, mahaifinsu ya rasu. Da suyar awara a Tudun Wada nake riƙe gida. A haka na sake zana NECO, na cike kiredit biyar da makarantun jinya ke nema: Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji. 'Yan ajinmu Mama suke kirana, ni kuwa ina amsawa.

Karatun shekara uku bai dame ni ba. Aikin dare a asibiti ne damuwata, domin autana sai na kai shi gidan maƙwabciya da kwanon tuwonsa, yana kuka. Ina roƙon gwamnatin Kaduna ta sa irinmu cikin tallafin karatu, ta kuma buɗe ɗakunan raino kusa da makarantun.

Wata ɗalibar jinya,
Zariya