Godiya ga ma'aikatan Gidan Makama, Kano

Assalamu alaikum. Ni malamar tarihi ce a wata sakandaren 'yan mata a Funtuwa, kuma ni aka ɗora wa nauyin kai ɗalibai 48 ziyara Kano. Ba mota ce ta hana ni barci ba, karin kumallo ne. Daga sallar asuba za mu kama hanya, yara ba su sa komai a ciki ba.

Sati biyu ina fama da waya. Wani gidan abinci suna jin na ce makaranta, sai kuɗin faranti ya ninka. Wani ofishin kuma kullum oga ya fita, a kira gobe. Har na fara tunanin mu ɗauri burodi da ruwan leda mu haƙura.

Lokacin buɗewa kawai na kira Gidan Makama, wato gidan tarihin Kano, in tambaya. Dattijon da ya ɗauka, kafin komai sai ya ce, "Malama, a ina yaran za su karya?" Wallahi sai da na yi shiru. Shi ya haɗa mu da wata mai koko da ƙosai a unguwar, muka iske komai da zafinsa, a kuɗin da kowa ke saye. Shi ya gyara mana tsarin ma: mu hau Dala kafin rana ta take, mu dawo gidan tarihi mu sha inuwa, marinar Ƙofar Mata kuma sai da la'asar.

Baba bai gaji da tambaya ba. Ya tsayar da su gaban tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, ya ba su labarin Sarki Muhammadu Rumfa da ya hau mulki a 1463, da Kasuwar Kurmi da aka kafa a zamaninsa, har zuwa shigowar Turawa a 1903. Wata ɗaliba da ba ta magana a aji, ita ta fi kowa ɗaga hannu.

Da za mu tafi na miƙa masa na goro, ya ce in saya wa yara ruwa. A wasu wuraren ko gaisuwarka ba a amsawa sai an ga hannunka ya nufi aljihu, shi ya sa malamai da yawa suka daina fita da ɗalibai.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. 'Yan aji biyu sun riga sun fara damuna da zancen baɗi.