Hasumiyar da na gani a tsibirin Robben

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Madina, ya karatu? Ni dai na dawo Gombe tun Laraba, gajiya ce ta hana ni rubuto maka. Kwas ɗin Cape Town an gama lafiya, amma ba labarinsa zan ba ka ba, ranar ƙarshe ce abin labari.

Mun hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Robben, inda Mandela ya yi shekara 18 a tsare daga 1964 zuwa 1982. Ka san ni, babban ruwan da na sani a duniya shi ne dam ɗin Dadin Kowa, to wallahi tun kafin mu yi nisa cikina ya fara juyawa, na rungume jakar kyamara ina ta salati, wata baturiya a gefena tana ta cin biskit abinta ko a jikinta.

Kowa ɗakin Mandela ya je gani, ni ma na gani, ɗan ƙuƙut ne, jikina ya yi sanyi. Amma abin da ya tsaya min a rai wata tsohuwar hasumiya ce fara a kan tudun Minto, wuri mafi tsayi a tsibirin, mai fitila a ka don jiragen ruwa su gane hanya da dare kada su afka kan duwatsu. An gina ta a 1864, tsawonta mita 18, sai 1938 aka sa mata lantarki. Kafin ita wuta kawai ake hurawa a kan tudun tun zamanin Turawan Holan. Ka duba fa, ta girmi garin Gombe da muke zaune a ciki yanzu, kuma ba ta yi ritaya ba.

Hoton ne ya ba ni wahala. A bas ake zagayawa da mutane, ba yadda kake so za ka tsaya ba, ga iska kamar za ta ƙwace maka hula, ga gishirin teku ya dusashe min gilashin kyamara ina gogewa da bakin riga. Na ɗauka kusan arba'in, uku ne kawai na kirki. Ɗaya ta tagar bas ne, har inuwar hannuna ta fito, amma ita na fi so saboda wani tsuntsu ya gifta daidai kan fitilar.

Af, akwai hubbaren wani malami a tsibirin, Sayyid Abdurrahman Moturu, shi ma tsare shi aka yi har ya rasu a can a 1754. Na yi masa addu'a da muka wuce.

Zan turo maka hotunan ta WhatsApp in netwok ya yarda, ka zaɓar min wanda zan wanke in rataya a shago. Hajiya tana gaishe ka, ta ce kar ka manta da dabinonta. Ka sa mu a addu'a in ka shiga Rauda.

Naka,
abokinka na Jekadafari