Wasiƙa daga Tromso zuwa Nguru

Assalamu alaikum Malam Habu,

Mutumina ya kake, ya iyali, ya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi. Ka gaida min Maman Ummi da yara, ka ce ban manta da su ba, karatu ne ya sha min kai. Na ga tambayarka, wai ƙasar da ƙanƙara ke rufewa fiye da rabin shekara me ke tsirowa a cikinta, dabbobin kuma me suke ci. Na so in yi maka saƙon murya a WhatsApp sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu, kuma kai malamin gona ne, na san amsar sama-sama ba za ta ishe ka ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Garin nan namu Tromso yana can ƙuryar arewacin Norway, wajen kilomita 350 bayan an wuce da'irar Aktik, layin da ke jikin taswira inda yankin ƙarshen arewacin duniya ya fara. Daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa ko kaɗan, sai wani haske shuɗi-shuɗi na 'yan awanni da tsakar rana, daga nan duhu ya dawo. Daga wajen 20 ga Mayu kuma har kusan ƙarshen Yuli ba ta faɗuwa, ƙarfe ɗayan dare ka ga yara suna ƙwallo a fili. A irin waɗannan watanni da lokutan Makka muke salla a masallacinmu tunda ba magariba ba asuba da za ka gani da ido. Amma sanyin garin bai kai yadda kake zato ba, saboda igiyar ruwan ɗumi da ke tahowa ta Tekun Atilantika tana gogar gaɓar nan, a Janairu yawanci wajen digiri 4 ne ƙasa da sifili. Sai ka bar bakin teku ka shiga cikin ƙasa, tudun Finnmark, can ne sanyi yake da haƙora. A Karasjok an taɓa auna digiri 51.4 ƙasa da sifili a 1886, har yau ba a samu wanda ya fi shi ba a duk ƙasar.

Tundura ta ainihi, wato filin ƙasar sanyi da bishiya ba ta tsirowa, a Svalbard na gan ta, lokacin da malamanmu suka kai mu aikin fili da bazararsu. Tsibirai ne tsakanin Norway da ƙarshen duniya ta arewa, babban garinsu Longyearbyen. Da ka sauka abin da za ka fara lura ba bishiya, ko ɗaya, duwatsu ne baƙaƙe da kwari mai faɗi kamar an share. Malamarmu ta ce kowa ya durƙusa ya kai fuskarsa kusa da ƙasa. Wallahi Habu sai ga daji a ƙarƙashin gwiwata. Akwai wani ɗan itace da tsayinsa bai kai ɗan yatsa ba, ganyensa biyu-biyu ƙanana masu sheƙi, rassansa a kwance suke cikin gansakuka ba sa ɗagowa, kuma dangin manyan itatuwan bakin rafi ne na Turai, wani ma ya girme ni a shekaru. Kusa da shi wata fure mai launin shunayya ta dunƙule wuri guda kamar matashin kai, na tura yatsa a tsakiyarta na ji ɗumi-ɗumi alhali iska na yankar kunnena. Dunƙulewar ce dabararta, iska ta wuce ta sama, ɗumin rana ya tsaya a ciki. Akwai kuma wata fara mai siffar ɗan kofi da ke juya fuska tana bin rana duk inda ta yi, tana tara zafi a tsakiyarta don 'ya'yanta su nuna da wuri, ƙudaje ma suna shiga ciki su sha ɗumi, a nan suke kwasar mata garin fure.

Dalilin duk wannan ƙanƙantar yana ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar a daskare take shekara da shekaru, a kwari zurfin daskarewar ya kai wajen mita 100, a kan duwatsu ya ninka haka sau uku ko huɗu. Da bazara sama-sama ne kawai ke narkewa, mita ɗaya ko ɗaya da rabi, to saiwa ba ta da inda za ta nutsa. Lokacin girma kuma 'yan makonni ne, shi ya sa kusan duk tsirran ba masu mutuwa duk shekara ba ne, wasu tun bara suke haɗa tohon furen da za su buɗe bana, dusar ƙanƙara na janyewa sai su buɗe. Ga abin da zai ba ka mamaki a matsayinka na mai auna ruwan sama: abin da ke sauka a Longyearbyen a shekara, ruwa da dusar ƙanƙara duka, wajen milimita 200 ne, bai kai na Nguru ba. Amma ƙasar caɓa-caɓa take da bazara, don ruwan ba ya iya nutsewa, ƙanƙarar ƙasa ta tare shi, rana kuma ba ta da zafin da za ta ɗauke shi. Gidajen garin ma a kan turaku aka ɗora su don kada ɗumin ɗaki ya narkar da ƙasa gini ya zauna.

Dabbar da ta fi shiga raina ita ce barewar ƙanƙara. A Svalbard na daji ne, gajeru masu ƙiba, amma a Finnmark na kiwo ne, dukiyar mutanen Sami, waɗanda suke nan tun kafin a ja iyakokin Norway da Suwidin da Finlan da Rasha. Suna da harshensu, suna da majalisarsu a Karasjok tun 1989. In ka ga yadda suke tafiyar da garke sai ka tuna Fulaninmu, da sanyi suna cikin ƙasa kan tudu, bazara na zuwa su kora zuwa bakin teku da tsibirai inda ciyawa take kuma iska ke korar sauro, kowane gida da irin yankan kunnen da yake yi wa dabbarsa, kuma ba a tambayar mutum yawan garkensa, rashin ladabi ne. Sai dai su da babur ɗin kan ƙanƙara suke bin nasu yanzu. Namiji da mace duk suna da ƙaho, kuma macen ce ke riƙe nata har ƙarshen sanyi bayan manyan mazan sun zubar, da shi take kare ramin abincinta tana ɗauke da ciki. Gashinsu rami ne a ciki, yana riƙe iska. In garke na tafiya za ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙafafunsu, jijiya ce ke goga ƙashi. Har bayan idonsu yana canja launi, ruwan zinariya da bazara, shuɗi a watannin duhu, a jami'armu ta Tromso aka yi wani ɓangare na binciken nan.

Abincinsu na sanyi wata farar gansakuka ce mai rassa da ke shimfiɗe a ƙasa, girmanta 'yan milimita ne a shekara, in aka cinye wuri ƙarƙaf sai an yi shekaru masu yawa kafin ya dawo. Barewar tana jin ƙamshinta ta cikin dusar ƙanƙara, ta sa kofato ta tona. Muddin dusar busasshiya ce mai laushi ba matsala, ko sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili.

To a nan ne abin da ya dame ni yake, kuma shi na fi so ka gane. Mutanen nan ba sanyi suke tsoro ba, ɗumi suke tsoro. A tsakiyar hunturu sai iska mai ɗumi ta shigo daga teku, a yi ruwan sama a kan dusar ƙanƙara, kwana ɗaya ko biyu sanyi ya dawo, ruwan nan ya daskare ya zama faranti mai tauri a kan abincin. Wani dattijo makiyayi a kusa da garin Kautokeino na Finnmark ya nuna mana da shebur, ya yanka dusar har ƙasa sai ga layi-layi a jikin ramin, mai laushi a sama, sannan wani layi mai sheƙi kamar gilashi, a ƙarƙashinsa ga gansakukar nan lafiya lau kana ganinta. Ya buga da bakin shebur bai fashe ba sai da ya ƙara ƙarfi. Dabba tana jin ƙamshin abinci, tana tona har kofatonta ya yi rauni, ba ta kai gare shi ba. Dole ya sayi abincin buhu ya ɗora a bayan babur yana kai musu kullum, kuɗi na fita, dabbar kuma tana sabawa da jiran mutum. Fuskar mutumin nan ba ta bar raina ba har yanzu. A Yamal ta ƙasar Rasha irin wannan ruwan da aka yi a ƙarshen 2013 ya kashe barewa wajen 61,000 na makiyayan Nenets, akwai gidajen da suka tashi ba ko ɗaya. A Svalbard ma a 2019 masu ƙidaya sun tsinci gawa wajen 200 da yunwa ta kashe.

Yankin Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun daga 1979. Farar ƙanƙarar teku tana mayar da hasken rana sama, in ta narke baƙin ruwa ya bayyana sai ya shanye zafin, zafin ya ƙara narkar da wata, haka abin ke ciyar da kansa. A Satumbar 2012 ƙanƙarar tekun ta ragu zuwa wajen murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta tun da aka fara aunawa da tauraron ɗan'adam. A Yulin 2020 Longyearbyen ta ga digiri 21.7, abin da ba a taɓa aunawa a can ba. Gaskiya raina yana ɓaci in na ji wani yana cewa ai gara ma su samu ɗumi su huta, wanda ya faɗi haka bai ga ramin dattijon nan ba.

Farin beyar da kowa ke tambayata shi ma a kan ƙanƙarar tekun yake farauta, yana tsare ramin da wata dabbar teku mai kitse ke leƙowa ta sha iska. Ba ƙanƙara ba farauta, sai ya hau tudu yana fasa ƙwan tsuntsaye, wanda ba ya riƙe cikin dabba mai wannan girma. Tun 1973 ƙasashe biyar suka sa hannu a Oslo kan kare shi. A bakin garin Longyearbyen akwai allon gargaɗi da hotonsa, ba ka wuce nan sai da mai bindiga da abin tsorata shi. Akwai kuma farar yanyawa, ƙarama ce amma kada ka raina ta, a 2018 masu bincike sun sa wa wata 'yar matashiya na'ura a wuya, ta tashi daga Svalbard ta bi kan ƙanƙarar teku ta ratsa Girinlan har arewacin Kanada, kilomita sama da 3,500 cikin kwana 76, da ƙafa. Tsuntsun tudu guda ɗaya ne ke yin hunturu a Svalbard, wata irin makwarwa da ke rikiɗa ta zama fara fat, har yatsunta gashi ne. Kuma ka gaya wa Ummi tsuntsun nan mai tafiya a tsaye kamar mutum, fenguwin, babu shi a nan, shi na kudancin duniya ne, can kuma babu beyar, ba sa haɗuwa sai a katun.

Akwai abu biyu da suka shafe ka kai tsaye. Na farko, a jikin dutsen da ke saman filin jirgin Longyearbyen akwai rumbun iri na duniya, an buɗe shi a Fabrairun 2008, ana ajiye iri a digiri 18 ƙasa da sifili, yanzu samfurin da ke ciki ya haura miliyan ɗaya. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana cikin waɗanda suka fara kai ajiya, wake da masara da gurjiya, takwararta ICRISAT kuma ta kai gero da dawa. Ba a shiga, ƙofar kawai muka tsaya muka kalla, wani dogon siminti da ya fito daga cikin dutse, amma na daɗe a tsaye ina tunanin wakenmu na can ciki. Kuma ajiyar ta yi rana, a 2015 da yaƙin Siriya ya raba cibiyar binciken noma ta ICARDA da rumbunta na Halab, daga nan suka karɓo irinsu suka sake shukawa a Labanan da Maroko. An zaɓi wurin ne don ƙasar a daskare take ko wuta ta ɗauke, sai ga shi a 2016 ruwa ya shiga hanyar ƙofar saboda ɗumi da ruwan sama, bai kai ga irin ba, amma sai da aka sake gyaran mashigar.

Na biyu tsuntsaye. Da bazara fadamun tundura cike suke da sauro da ƙwari, ga rana ba dare, to tsuntsaye ke zuwa daga ko'ina su yi ƙwai su ciyar da 'ya'ya da sauri su gudu kafin sanyi. A cikinsu akwai wani mai dogayen ƙafafu da ake kira raf, namijin yana fito da wani tattaran gashi a wuya, wani fari wani baƙi wani ja, su taru a fili suna tsalle suna nuna kansu ga mata. Irinsu da ke hayayyafa a arewacin Turai da Saibiriya su ne ke tsallake Bahar Rum da Sahara su sauka a fadamun Senegal da Mali da Tafkin Chadi da fadamarku ta Haɗejiya zuwa Nguru, sai dai kafin su iso sun zubar da adon, sun koma ruwan ƙasa-ƙasa, ka sha ganinsu garke-garke suna tsintar shinkafa bayan girbi. In ruwan fadama ya ja baya ko kachalla ta cinye wurin, mu ma a nan za a ga sun ragu.

Don haka ina roƙonka, in hunturu ya shiga ka samu lokaci ka leƙa Dagona ko bakin tafkin Nguru da sassafe, ka ɗauko min hotunansu ko bidiyo ko da wayarka ce, ka rubuta ranar da wurin, malamarmu ta ce tana so ta gani. Ka tambayar min masuntan wurin ko suna ganin yawansu kamar da, su suka fi kowa sani. Ka kuma faɗa min yadda damina ta kasance muku bana da farashin buhun gero, Inna ba ta gaya min gaskiya a waya don kada hankalina ya tashi.

A gaida Baba da kyau, a ce ina neman addu'a, jarrabawa ta kusa. A gaida mutanen majalisa duka.

Naka har kullum,
Bashir